Kifin Banda a Bakin Ƙugiya

Laraba, da hantsi

Yau na sayi ƙugiya. Ni Kukuwa, da furfurata, na tsaya gaban teburin mai kayan kamun kifi a kasuwar Sekondi na ce a ba ni ƙugiya da zare. Ya tambaye ni wace iri Ebo ya ce in sayo. Na ce ba ɗana ne ya aiko ni ba, ni ce zan kama. Ya yi dariya har kokon da yake sha ya sarƙe shi. Da ya dawo hayyacinsa ya ƙara mini da tsohon fulogin mota, wai shi ake ɗaurawa don zaren ya nutse, da gwangwanin madara na naɗe zaren.

Tun ina budurwa nake bandar kifi. Babu irin kifin da ke tekun nan da bai kwanta a kan murhuna ba. Amma ban taɓa ganin yadda yake cin abinci ba, kullum a mace yake zuwa mini. To yanzu zan gani.

Malama Ewuraba ta ajin manya a coci, wadda ta koya mini riƙe biro bayan na aurar da 'yata, ta ce in abu ya cika wa mutum ciki ya rubuta. Ni cikina bai cika ba. Don kada hannu ya manta nake yi.

Ebo ya ci rabin dokunu da safe, tuwon masarar nan namu da ake naɗewa a ganye. Bai taɓa barkonon ba. Tun da aka tsamo shi daga ruwa aka kawo mini shi, wata guda ke nan da ɗoriya, bai ce uffan ba. Likita ya duba ya ce maƙogwaro lafiya, ƙirji lafiya. Duk waɗanda suka fita a kwalekwalen nan sun dawo, sai Fiifi ɗan Maanan maƙwabciyata, wanda suka tashi tare tun suna yawo ba wando. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Jiya Talata, ranar hutun teku, ba mai jefa raga ba mai jefa ƙugiya. Na ga ya fita na bi bayansa. Ashe tsohuwar gada yake zuwa, wadda ta miƙe cikin ruwa, inda a da jirage ke sauke kaya. Ya tafi har can ƙarshe, inda ƙarfen dafawa ya karye. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ba kowa a gadar. Na laɓe a rumfar mai kwakwa har ya juyo.

Wanda ke da ƙugiya ba a tambayarsa me ya kawo shi gada.

Dama na daɗe ina sha'awar kamun kifi.

Alhamis, da la'asar

Na je. Maza ne zalla, kowa da kujerarsa da gwangwaninsa, kamar a nan aka haife su. Babbansu Egya Atta, abokin marigayi mijina Eshun, tsohon ma'aikacin reluwe da haƙoransa suka yi ritaya kafin shi. Da ya hango ni ya ce, “Matar Eshun, murhun ne ya kore ki ko ke kika kore shi?” Na ce na zo ne in ga abin da ke hana tsofaffin banza zaman gida.

Na wuce su duka na kafa kujerata a ƙarshen gada, daidai inda ƙarfen ya karye. Suka ce wurin ba kyau, iska ta yi yawa, kifi ba ya tsayawa. Na ce ni nan ya yi mini. Egya Atta ya daɗe yana kallona. Sai ya jawo kujerarsa ya matso.

Abincin ƙugiya kuwa ban yi rowa ba. Na zaɓo banda mafi kyau a gidana, jan kifin da na gasa da ɓawon kwakwa da ɓawon rake, irin wanda matan Kumasi ke faɗa a kansa in mota ta iso. Na ce a raina, abin da mutanen Kumasi ke rububi, wane ne kifi da zai ɗaga masa hanci? Da na kwance ƙunshin sai gadar ta yi tsit. Wani ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Egya Atta ya ce in ba shi kaɗan ya duba ingancinsa. Ya duba shi da baki. Ya ce a ƙara masa, bai gama dubawa ba.

Ban kama komai ba. Amma duk jawowar da na yi, ƙugiyar wayam take. Wato suna ci. Saura su riƙe.

Juma'a, da yamma

Ashe ba ci suke ba. Na leƙa da kyau, kifin bandar yana taɓa ruwa yake wargajewa kamar gari.

Na tambayi Egya Atta me shi yake sawa. Ya rufe gwangwaninsa da tsumma kamar na nemi ganin tsiraicinsa. Sai a lokacin na lura kowa in zai sa wa ƙugiya abinci sai ya juya wa sauran baya. Ya ce a gadar nan ba a tambayar mutum abin da ke cikin gwangwaninsa. Kowane gida da nasa, uba ke nuna wa ɗa, ba a sayarwa ba a arawa. Na ce to na Eshun fa, ai abokinka ne, ka sani.

Ya ce, “Na Eshun yana gidanki, yana cin dokununki. Je ki tambaye shi.”

Mutumin da ya shekara da shekaru yana cin kifina kyauta! Gobe ba zan ba shi ko ƙaya ba.

Da na dawo na zauna a bakin ƙofar Ebo ina cire takalmi, na ba da labarin duka da ƙarfi, wai da kyanwa nake. Yana zaune a gado, fuska ga bango. Bayan wuyansa ya rame.

Asabar, da rana

Ba kifi. Ebo ya ci shinkafa ya bar miyar. Na ba Egya Atta banda.

Lahadi, bayan coci

Matan ƙungiyar waƙa sun sa mini suna Kukuwa Mai Ƙugiya. Ɗaya ta ce in na kamo miji in yi mata tayin ƙaninsa. Na yi dariya sosai.

Maanan na kujerar gaba da baƙin zane. Na fita ta ƙofar gefe.

Litinin, da la'asar

Yau aikin leƙe na yi. Ido na kan zarena, rabin ido na kan gwangwanayen mutane. Wani tana yake sawa. Wani hanjin kaza, na gane da ƙudajen da ke binsa. Wani na yanka ƙananan kifi ɗanye a karkace, don fatar ta riƙa walƙiya. Egya Atta kuwa ya fi ɓarawo iya ɓoyo.

Na gwada dokunu, na murza shi da manja. Can sai zaren ya yi nauyi. Na miƙe, na ja, na ja, maza suka taso suna ba ni umarni kala-kala. Abin ya fito. Silifa ce, ta ƙafar hagu. Egya Atta ya cire hularsa ya ce a kawo sikeli, ba a taɓa kama irin wannan a Sekondi ba, in na dage gobe zan samu ta dama.

Na ba kyanwa labari a bakin ƙofa. Da na kai wurin silifa sai na ji wani ɗan sauti daga ɗakin, ta hanci. Ko tari ne. Na dai rubuta.

Gobe Talata.

Talata, da azahar

Na riga shi fita. Tunda ba a jefa ƙugiya, na ɗauki tiren wake na tafi ƙarshen gada na zauna ina tsinta. Wurin da iska mai daɗi, ƙaiƙayi na tafiya da kansa, ban san me ya sa mata ba sa zuwa nan tsintar wake ba.

Ya zo. Ya kai tsakiyar gada ya gan ni. Ya tsaya. Ban ɗaga kai ba. Na tsinci waken na gama na sake daga farko. Da na ɗaga ido ya tafi.

Talata, da yamma

Bai ci ba.

Laraba, da safe

Bai ci ba. Ya rufe ƙofa.

Laraba, da yamma

Ban je gada ba. Na wanke duk tukwanen gidan, har waɗanda ba su yi datti ba.

Alhamis, da hantsi

Na yi miyar ɗanyen kifi da manja da tumatir, irin wadda yake yi wa kuka yana yaro. Na ajiye a bakin ƙofa na tafi bayan gida ina waƙa. Da na dawo kwanon ya ragu. Kyanwa ba ta cin barkono haka, na san halinta.

Alhamis, da la'asar

Ina zaune a wurina, na sa banda, sai inuwa ta rufe ni. Baƙin zane. Maza duk suka shiga gyaran zarensu.

Maanan ta ce, “Matsa mini.”

Na matsa. Ta zauna a kan bokitin da ta zo da shi. Ta ce ta ji labari a kasuwa wai ina ciyar da kifin teku da banda kyauta, ta zo ta ga ko ita ma za a sammata. Na miƙa mata. Ta ci. Ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Tun muna amare take faɗin haka, kuma ƙarya ne.

Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ba a kawo mini ɗana ba, Kukuwa. Ba ni da inda zan je in zauna kusa da shi sai nan.” Can kuma ta ce, “Ki daina bin ƙofar gefe. Ƙugunki ya fi ƙofar faɗi, kowa na ganinki.”

Na fyace hanci da bakin zane na ce iskar wurin ce.

Ta ce gobe za ta sayo tata ƙugiyar.

Asabar, da yamma

Yanzu mu biyu ne. Maza sun ce gadar ta zama kasuwa, surutunmu ya kori kifi har Takoradi. Maanan ta zo da jatan lande ɗanye. Ƙananan kifi sun yi ta tsakurarsa suna barin mata ƙugiya fes, kamar an wanke. Ta ce ko a biki ba ta taɓa ganin marasa kunya irinsu ba.

Egya Atta in ya samu masu saurare ba ya gajiya. Ya ce in ruwa ya yi duhu bayan ruwan sama, a sa abu mai wari, kifi da hanci zai zo. In ruwa ya yi garau, a sa abu mai motsi ko mai walƙiya. Kada a cika ƙugiya, kada kuma a bar bakinta tsirara. Babban kifi ba ya haɗama, sai ya zagaya ya shinshina ya tafi ya yi shawara da iyalinsa. Ya faɗi komai da komai, sai abu ɗaya da nake nema. Na ce masa ranar da zai mutu ma ba zai faɗi inda yake masa ciwo ba.

Na koma wa bandata. Na lura da wani abu. In na ce wa kyanwa na sa tana ko hanjin kaza, ɗakin shiru. In na ce banda na sa, kafaɗarsa takan motsa. Ɗan masunta ba ya jin irin wannan ya zauna lafiya.

Ban faɗi sunan wadda nake zama da ita ba. Na ce “wata.”

Litinin, da magariba

Hadari ya haɗo ta gabas. Allah ya sa ya kai gobe.

Talata, da azahar

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba. Kwata ta cika, kajin Maanan sun hau tebur, rufin kicin ɗina na zuba ta wuri uku. Ba wanda ya fita ko nan da ƙofa. Ban taɓa ganin rana mai kyau irin ta yau ba.

Alhamis, da la'asar

Na kama kifi. Da hannuna. Da tana ne, wadda na tono a bayan murhu.

Da ya fito sai ya fara kumbura, ya kumbura, ya zama kamar ƙwallo mai ƙaya, yana hararata da ƙananan idanu. Ba a cin irinsa. Maanan ta ce sak fuskar ma'ajin cocinmu in an ce a gyara rufi. Dariya ta sa na kusa bin kifin cikin ruwa, sai da Egya Atta ya riƙe mini zane. Muka mayar da shi ya tafi yana fushi.

A hanyar gida Maanan ta tsaya a ƙofarta. Ta ce in gaya wa Ebo ba ta neman bayani daga bakinsa. Duron ruwanta ne ba mai cika mata, bayanta kuma ya ƙi.

Juma'a, da safe

Na faɗa masa. Ba wa kyanwa ba, shi. Na kira sunan Maanan. Bai motsa ba.

Ko na yi daidai?

Asabar, da hantsi

Maanan ta dawo daga kasuwa ta tarar da duronta cike har baki. Ba ta ga kowa ba. Ni na gani, ta taga. Ya yi ta kai da kawowa da bokiti biyu, kansa a ƙasa. Na cusa zane a baki don kada in yi guɗa.

Lahadi, bayan coci

Ya yi aski. Ya wanke kayansa duka ya shanya. Na sa sabon ɗankwali na je coci, na bi ta babbar ƙofa, na yi waƙa har ta kusa da ni ta matsa.

Litinin, da azahar

Ya cinye fufu tas ya miƙo kwano a ƙara. Ya gyara rufin kicin ba wanda ya sa shi. Ya kai wa Egya Atta takalmansa na ruwa, ya ba mai kwakwa rediyonsa. Yaron nan dama haka yake, hannunsa a buɗe, halin ubansa. Da zai wuce ya dafa kafaɗata. Tun da ya dawo bai taɓa ni ba sai yau. Gobe in Allah ya yarda zan yanka kaza.

Litinin, da la'asar

Egya Atta ya zo har gida da takalman a hannu. Bai taɓa tako gidan nan ba tun rasuwar Eshun. Ya ce sun yi masa yawa. Ya ajiye su a bakin ƙofa. Bai yi wasa ko ɗaya ba, bai nemi banda ba.

Masunci ba ya kyauta da takalmansa na ruwa.

Litinin, da magariba

Ya ninke kayan da ya wanke. Sama garau, ba hadari ko kaɗan.

Talata, da la'asar

Bari in rubuta a hankali.

Na ce ba zan runtsa ba, na jingina da bangon ɗakinsa. Barci ya sace ni gab da asuba. Da na farka gari ya fara haske, ƙofa a buɗe, gado a gyare. Wuƙar ubansa ta gyaran kifi tana kan kujerata.

Na fita da zane ɗaya. Sai a hanya na ga ashe kwandon ƙugiyata na hannuna. Ban san lokacin da na ɗauka ba, hannu ne ya saba.

Gadar ba kowa. Yana can ƙarshe, ya wuce inda nake ajiye kujera, ya wuce karyayyen ƙarfen. Ya cire silifansa ya jera su a bayansa, kai da kai.

Ban kira shi ba. Na ji a jikina in na ɗaga murya, muryar ce za ta tura shi. Na taka kamar kullum, ina jan ƙafa don ya ji ni ce. Gadar nan ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Na isa na zauna a ƙasa kusa da silifan. Na kwance ƙunshin banda, ƙamshi ya tashi. Na ɓalli tsoka na soma sa wa ƙugiya. Ta soke ni a babban yatsa, ban ji ba sai da na ga jini. Na miƙe. Na ware zare. Na fara juya fulogin a sama kamar yadda maza ke yi, ni da tun da aka haife ni ban taɓa ganin wanda ya jefa wa teku ko tsinke ranar hutunsa ba.

Aka riƙe mini wuyan hannu.

“Maame. Yau Talata.”

Maame, wato uwa, haka Ebo ke kirana. Muryar kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Don ya riƙe ni sai da ya tako baya, ƙafafunsa biyu suka dawo cikin gada. Su nake kallo.

Na ce na manta.

Ya ce, “Ke da kika haife ni ranar Talata?”

Sai idonsa ya sauka kan ƙugiyar. Ya kalle ta, ya kalle ni. Fuskarsa ta yi irin ta ubansa in an ɗaure raga ba daidai ba.

“Har yanzu banda?”

Na ce ai mutanen Kumasi—

“Mutanen Kumasi ba a ƙarƙashin gada suke zaune ba. Kifi bai san wuta ba, Maame. Tun da aka halicce shi bai taɓa shaƙar hayaƙi ba. Kin mayar da gidanmu abin dariya.”

Na ce to ya zan yi, tsohon banzan can ya hana ni nasa, ya ce na gidanmu na wurin mutum ɗaya. Na ce nuna mini na babanka yanzu in jefa.

Ya ce yau ba a jefawa.

Na ce to yaushe?

Ya juya ya kalli ruwan. Ya daɗe. Har yanzu hannuna na cikin nasa, na juya nawa na riƙe shi ni ma, da duk ƙarfin da murhu ya bar mini. Igiyar ruwa ta zo ta daki ƙafar gada ta koma, ta sake zuwa.

“Gobe. Sai ruwa ya janye ake samunsa.”

“Gobe ka ce?”

“Na ce gobe.”

Na sunkuya na juyo silifan na ajiye a gabansa, kamar lokacin da nake shirya shi makaranta. Ya sa. Sai ya zauna, na zauna. Ya yi magana mai tsawo, kansa a cinyata, ƙaton mutum. Abin da ya faɗa game da jarkar da suka riƙe su biyu, da dare na biyu, da hannun Fiifi, nasa ne. Ba na littafin nan ba ne.

Da rana ta ɗaga yunwa ta kama mu. Muka ci bandar. Ya ce a baki kam ba laifi.

Muna fitowa sai ga Egya Atta a rumfar mai kwakwa, zaune a inda na taɓa laɓewa, wandonsa jiƙe da raɓa. Mai kwakwa ya ce ai tun da na fara zuwa gada, ranar Talata nan yake wuni. Tsohon ya ce shi bai ga kowa ya ɗaga ƙugiya ba, idonsa ba ya gani sosai ranar Talata. Sannan ya leƙa kwandona ya tambaya ko mun rage masa.

Laraba, da yamma

Shi ya tashe ni. Muka bi ta bayan gada zuwa duwatsun da ruwa ya bari. Ya naɗe wando, ya nuna mini inda ake dubawa, da yadda ake gane wanda ya yi da wanda bai yi ba, da yadda ake ɗaure shi da zaren ɗinki don kada ya zame. Ya ce kifin gada abin da ke zaune a unguwarsa yake ci, ba ya son baƙon abinci. Abin da nake takawa in wuce tun ina yarinya! Ba zan rubuta sunansa ba. Na gidanmu ne, kuma Malama Ewuraba takan duba littafin nan.

Da muka hau gada ba wanda ya yi masa sannu da zuwa, ba wanda ya kalle shi sau biyu. Wani dai ya tura masa kujera da ƙafa. Egya Atta ya ce a matsa wa masu banda. Ebo ya juya wa kowa baya, ya sa wa ƙugiyata, ya miƙo mini, ya ce in daina juya fulogi kamar mai korar shaho.

Sai ga baƙin zane da bokiti.

Ya miƙe tsaye. Na ga ya dubi hanyar gida, Maanan kuma ta tare ta. Ta zo har gabansa. Ba ta ce komai a kan duro ba. Ta miƙa masa ƙugiyarta wayam.

“Ebo, sa mini. Uwarka ba ta iya komai ba.”

Ya karɓa. Ya buɗe gwangwanin. Bai juya mata baya ba. A gabanta ya ɗaure, a hankali.

Egya Atta ya dafe kai ya ce shi ke nan, asirin Eshun ya fita gida.

Maanan ta ce, “Wane asiri? Tun suna 'yan mitsi-mitsi Fiifi ya san shi. A tukunyar miyata suke ɓoye abin, shi da wannan ɓarawon. Rannan na buɗe zan zuba manja, suka watse mini a kicin.”

Karo na farko ke nan da aka kira sunan a gabansa. Ebo ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa, ban san ko wanne yake yi ba, ina jin duka biyun. Maanan ta jawo shi ta zaunar kusa da bokitinta ta ce ya riƙe mata gwangwanin zare.

Ita ta kama. Jan kifi, tsawon hannuna. Ni ko silifa ban samu ba. Ta ce in yi mata bandarsa, in rage gishiri.

Asabar, da rana

Ya yi magana da safe, da rana bai yi ba. Malama Ewuraba ta san wata ma'aikaciyar jinya da ke zama da mutane su yi hira. Ya ce zai gani. Bai ce a'a ba.

Ya ɗauke takalman ruwan daga bakin ƙofa ya shigar ɗaki.

Talata, da hantsi

Teku na hutu. Ebo na barci, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya ta sauko daga gado. Tun asuba nake bakin ƙofar da tirena. Waken nan na tsince shi har ya fara sheƙi, ba tsakuwa ko ɗaya, amma dai ina juyawa.

Ɗazu ya buɗe ido ɗaya ya ce, “Maame, waken nan dafa shi za a yi, ko aurar da shi za ki yi?” Ya juya ya ja mayafi. Daga cikin mayafin ya ce gobe ruwa da wuri zai janye, in tashe shi.

Na ɗora waken a wuta.